Mariƙin hannu, injin huji ko wincin lantarki: da wanne za ka ɗaga rufin tirelar zango?

Duk wanda ya taɓa jan tirelar zango mai naɗewa, wato ɗakin kwana mai tayu da ake ja da mota, a ɗaga rufinsa idan an isa masauki, ya san wannan lokacin. An yi tafiyar awa biyar ko shida, an iso masauki rana na shirin faɗuwa, kai kuma ga ka tsugune a gindin tirela kana murɗa mariƙin ƙarfe, rufi na tashi kaɗan-kaɗan kamar ba ya so. Juyi talatin, kafaɗa ta fara magana. Juyi hamsin, ka sauya hannu. A daidai nan ne wanda ya sauka kusa da kai zai fito da injin huji mai batir, ya soka shi inda mariƙi ke shiga, ya danna, kafin ka share gumi rufinsa ya miƙe. Daga ranar tambaya ta shiga ranka: ni ma in saya ne?

Hanyoyi uku ne na gaske a gabanka. Ko ka ci gaba da mariƙin da tirelar ta zo da shi, ko ka juya shi da injin huji, ko ka sa a ɗaura maka wincin lantarki na dindindin. Akwai wasu biyu da mutane kan ambata, zan taɓo su in wuce. Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu don kada in ja ka da nisa: injin huji yana aikin, amma abin da yake karɓe maka ba gajiya kaɗai ba ce. Yana karɓe maka jin da hannunka ke yi idan wani abu ya cije, kuma wannan jin shi ne ya daɗe yana tsare igiyoyin rufinka ba tare da ka lura ba.

Fara leƙa ƙarƙashin tirelarka

Kafin maganar saye, ka kwanta ka duba abin da mariƙin yake juyawa, domin amsar ta dogara a kansa. Tireloli irin waɗannan, da suka fi yawa a Amurka da Kanada da Ostireliya, galibinsu suna bin ɗayan tsari biyu.

Na farko shi ne na dogon sandan ƙarfe mai zare, wanda aka fi sani a tireloli masu tambarin Coleman da Fleetwood. Sandan yana kwance cikin wani akwati a ƙarƙashin daɓe. Idan ka juya mariƙi, sandan ya juya, wani babban noti ya yi tafiya a kansa yana jan igiyoyin ƙarfe huɗu, kowace ta bi fuli-fuli, wato ƙananan gargare da igiya ke bi ta kansu, zuwa kusurwarta. Masu gyara suna kiransa wifiltiri. Na biyu shi ne na winci: wani ganga mai naɗe igiya guda. A tsarin kamfanin Goshen igiyar tana tura dogayen sifirin cikin bututu, su lanƙwasa sama a kusurwoyi su tura ginshiƙan rufin. A wasu tsare-tsaren kuma babbar igiyar ce take rabuwa gida huɗu. Yawancin waɗannan wincin suna da birki a cikinsu, wanda shi ke riƙe rufin idan ka saki hannu.

Duka biyun an zana su ne da saurin hannun mutum a zuciya. Tun 1968, lokacin da Lloyd Bontrager ya kafa kamfanin tireloli na Jayco a jihar Indiyana ta Amurka a kan wata dabarar ɗaga rufi da ya ƙirƙiro, ba a canza wannan lissafin sosai ba: mutum ɗaya, mariƙi ɗaya, juyi ɗaya a kusan daƙiƙa ɗaya. Ka riƙe wannan, zai dawo.

Wani abu kuma ga masu Coleman: masana'antar da ke ƙera tirelolin a Somerset ta jihar Fensilbaniya ta rufe a 2011. Ana samun kayan gyara har yanzu, amma ba kamar da ba. Idan ka lalata wifiltiri, nemansa zai fi ba ka wahala fiye da wanda ya tsinka igiyar winci.

Abubuwan da zan auna da su

Shida ne. Ƙarfin murɗawa, wato ko abin zai iya ɗaga rufin har ƙarshe ba tare da ya sare ba. Ikon tsayawa, wato ko za ka ji matsala ka tsaya kafin ɓarna ta auku. Kuɗi. Ƙarko, na na'urar da kuma na tirelar da take juyawa. Sauƙin amfani a wurin da babu wutar lantarki. Sai haɗari ga jikinka. A cikinsu na biyun ne ya fi nauyi a wurina, kuma shi ne mutane suka fi mantawa idan suna gaban kanti.

Mariƙin hannu

Ba shi da dogon bayani. Kuɗinsa babu, ya zo da tirela. Ba ya bukatar caji, ba ya tsoron ruwa, idan ya ɓata sabo ba shi da tsada. Ƙarfi kuwa, a ce tsawon mariƙin santimita 25 ne kana tura shi da nauyin kilo 10, kana ba da kusan Newton-mita 25 ke nan a ma'aunin ƙarfin murɗawa, kuma za ka iya ci gaba a haka muddin numfashinka bai ƙare ba.

Inda ya fi kowa shi ne ikon tsayawa. Idan ka manta ɗaya daga cikin sakatun da ke kulle rufi lokacin tafiya ba ka buɗe ba, a juyi na biyu za ka ji mariƙin ya yi tauri ba irin na kullum ba. Idan igiya ta fara fita daga fuli, za ka ji wani ɗan karkarwa a tafin hannu. Idan rufi ya kai ƙarshe, hannunka ne zai gaya maka kafin idonka. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne ga wanda yake fama da shi: yana cin kafaɗa da baya. A wasu tirelolin wurin murɗawar yana ƙasa sosai, dole sai a sunkuye, kuma idan an ɗora na'urar sanyaya ɗaki a kan rufi, wadda kan kai kilo 35 zuwa 45, za ka ji ƙarin a kowane juyi.

Abin da nake roƙon mai karatu ya yi kafin ya yanke wa mariƙi hukunci: ka sa giris a sandan zare, ka ɗiga mai a fuli da giyar winci ba tare da ya taɓa faifan birki ba, ka fesa wa ginshiƙai abin sulɓi marar danƙo. Mariƙin da ya yi tauri fiye da bara ba tsufanka ne kaɗai ba. Sau da yawa wani abu ne ya bushe ko ya lanƙwashe, kuma sa masa inji ba ya gyara shi, ɓoye shi kawai yake yi har ranar da zai tsinke.

Injin huji mai batir

A nan zan daɗe, domin nan ne kuɗi da hannaye suke salwanta.

Mu fara da abin da ba matsala ba ne, wato cajin batir. A ce rufi da duk abin da ke kansa kilo 200 ne, za a ɗaga shi mita 1.2. Aikin da za a yi bai kai watt-awa ɗaya ba, wajen 0.65 ne. Batir mai volt 18 da amfiya-awa 5 yana ɗauke da watt-awa 90. Ko da gogayyar ƙarfe da ƙarfe ta cinye kashi tara cikin goma, da sauran caji mai yawa. Saboda haka idan injinka ya tsaya a rabin hanya, ba caji ne ya ƙare ba. Ƙarfin murɗawa ne bai isa ba, ko zafi ya yi yawa har na'urar kariya ta yanke wuta. Amfanin babban batir a nan shi ne yana iya zubo wuta mai yawa a lokaci ɗaya ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba, shi ya sa mai amfiya-awa 4 ko 5 ya fi mai 2 ko da injin ɗaya ne.

Kada rubutun volt ya ruɗe ka. Wanda aka rubuta wa 20 da wanda aka rubuta wa 18 abu ɗaya ne: ƙwayoyin batir biyar a jere, suna nuna 20 lokacin da suka cika fal, 18 lokacin aiki. Abin dubawa shi ne ƙarfin murɗawa. Ƙananan injinan da ake saye don aikin gida sukan tsaya a wajen Newton-mita 50 zuwa 60. Manyan na 'yan kwangila, irin na saman jerin Milwaukee ko Makita ko DeWalt, sukan kai 130 ko su wuce. Za ka ce ai 50 ya ninka 25 ɗin da hannu ke bayarwa. Haka ne a takarda, amma lambar da ke jikin kwali ƙololuwar ƙarfi ce ta ɗan lokaci kaɗan, ba abin da injin zai riƙe na rabin minti ba. Ƙaramin inji kan ɗaga rufi marar nauyi, amma a kan mai na'urar sanyi za ka ji ƙaurin ƙonewa kafin a kai sama. Wanda ya ƙona ƙanana biyu ya riga ya biya kuɗin babba ɗaya.

Idan za ka saya, ga abin da ba a sassauci a kansa: baki mai cin rabin inci, wato milimita 13, kuma na ƙarfe, giya biyu ko uku, don ka sa shi a ta ɗaya, mariƙin gefe da ake ɗaurawa a wuyan injin. Idan ka samu marar burushi, wato wanda babu 'yan gawayin da ke goga a cikin injinsa, ya fi jure zafi. Idan kuma ka samu mai yanke wuta da kansa lokacin da injin ya fizge, kamar yadda wasu na Bosch da Milwaukee suke yi, ƙarin kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba. Sai soket ɗin haɗi, wanda dole ya dace da bakin da mariƙinka ke shiga, domin ba iri ɗaya ba ne a kowace tirela. Ana sayar da su shiryayyu, Socket Jenie na daga cikin sanannu. Wasu kan yanke tsohon mariƙi su yi nasu, amma idan ƙarfen zagayayye ne zai riƙa sulɓewa a bakin injin sai an goge masa fuska uku.

Yanzu ga inda lissafin daƙiƙa ɗaya ya dawo. Hannu yana yin juyi kamar 60 a minti. Injin huji a giya ta ɗaya yana yin 450 zuwa 550. A ce rufinka yana bukatar juyi 70: da hannu ya wuce minti ɗaya ko da ba ka huta ba, da inji a cike bai kai daƙiƙa goma ba. A wannan saurin, tsakanin rufi ya kai ƙarshe da igiya ta fara miƙewa fiye da ƙima ƙiftawar ido ce. Mutum ba ya sakin kunamar inji da wannan saurin.

Ƙarfin kuma idan bai samu wurin zuwa ba, gare ka zai dawo. Newton-mita 130 a hannun da ke santimita 20 daga tsakiyar juyi daidai yake da a fizge ka da nauyin kilo 65. Ni na ɗanɗana. Wata rana da yamma na buɗe sakata uku, wani ya yi mini magana, na manta ta huɗu da ke can gefen baya. Na soka inji na danna. Kusurwa uku suka tashi, ta huɗu ta ƙi, na ji wani "ƙas" daga ƙarƙashin daɓe, injin ya juya a hannuna, gindin batir ya doki gwiwata, wuyan hannuna ya yi mako biyu ba ya ɗaukar ko bokiti. Da na leƙa washegari, ƙugiyar daidaita igiyar wannan kusurwar ta buɗe baki, rufin ya koma yana tsayawa a karkace, ƙofa ta ƙi shiga gurbinta. Da mariƙi nake yi, da a juyi na biyu na tsaya. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Za ka ce ai akwai kuloci a wuyan injin, zoben nan mai lambobi da ke sa shi sulɓewa idan nauyi ya yi yawa. Gwada shi a lamba mafi girma. Idan ya ɗaga rufin a haka, madalla, ka samu kariya kyauta, kada ka taɓa matsar da shi. Amma a yawancin tireloli zai fara "tar-tar-tar" tun rufi bai yi nisa ba, sai ka mayar da shi alamar huji, inda babu sauran sulɓewa. Daga nan kai ne kulocin. Alamar guduma kuwa, wadda ake huda kankare da ita, ba ta da wani aiki a nan.

Yadda masu hankali suke yi, kuma yadda na koma yi, shi ne a raba aikin uku. Ka daidaita tirela ta tsaya sosai, ka toshe tayu, ka zagaya ka taɓa sakata huɗu da hannunka kana ƙirgawa. Ka fara da mariƙi har rufin ya tashi kamar taƙi ɗaya, ka ga kusurwoyi huɗu suna tafiya tare. Sai ka sa inji a giya ta ɗaya, hannu biyu, mariƙin gefe a ɗaure, ka danna rabin kunama ba duka ba. Idan saura taƙi ɗaya a kai sama ka cire shi ka ƙarasa da hannu. Tireloli da yawa suna da wata siririyar igiya a gefe, sau da yawa koriya, wadda ke miƙewa idan rufi ya kai inda ya kamata. Ita ce iyakarka. Wanda ya saba ƙirga juyi zai rasa wannan dabarar da inji, don haka ya manna ɗan tef a jikin ginshiƙi ya zama alamar tsayawa. Sannan ka sa ƙarafan tokare a ginshiƙai kafin kowa ya shiga ciki.

Saukewa wata magana ce daban, kuma shawarata a yi ta da hannu. Dalili uku. Na ɗaya, birkin winci faifai ne masu gogayya, saukewa da gudu tana ƙona su. Na biyu, idan rufi ya maƙale, ko ka manta ƙarfen tokare a ginshiƙi, injin zai ci gaba da warware igiya, ta yi sako-sako, ta cukurkuɗe a ganga ko ta fice daga fuli, sannan idan abin da ya riƙe rufin ya saki, ya faɗo gaba ɗaya. Na uku, ai dole ka riƙa tsayawa kana cusa tamfol ciki, to ina amfanin gudun? Saukewa ma ba ta cin ƙarfi, nauyin rufin yana taimakonka.

Gargaɗi na musamman ga masu winci mai birki: a irin waɗannan da yawa, mariƙin kansa wani ɓangare ne na birkin. Yana ɗaure ne a kan zaren sandan, idan ka juya gaba ya matse faifan, idan ka juya baya ya sassauta. Wanda ya cire shi ya sa noti na kasuwa don soket ya kama zai iya kashe birkin bai sani ba. Littattafan wincin hannu da yawa sun faɗa ƙarara cewa kada a juya su da inji kowane iri, ko da yake akwai wasu masu giyar tsutsa, wato giya mai zare kamar sukurori, da aka yi musu kai mai kusurwa shida musamman don injin huji. Ka karanta naka. Idan tirelar tana cikin garanti, lalacewar da inji ya jawo kan zama taka ce kai kaɗai.

Ta fuskar kuɗi, idan kana da babban inji a gida, abin da za ka kashe kuɗin soket ne kawai, 'yan gomomin dala. Idan sai ka saya da batir da caja, maganar ɗaruruwa ce. Sai dai yana da wani amfani da sauran ba su da shi: da soket mai inci uku bisa huɗu, wato milimita 19, zai sauke maka jak-jak ɗin kusurwa, wato ƙafafun da ke tsayar da tirela daram, cikin daƙiƙoƙi, idan ka koma gida kuma ya koma aikinsa na huji. Ka dai tuna batirin litiyam ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara, kuma ba a barinsa a mota mai zafi.

Biyun da zan wuce da sauri

Injin ɗaure noti mai bugu: a'a. Lambar ƙarfinsa tana da girma, kuma ba ya fizgar hannu, shi ya sa yake jan hankali. Amma yana ba da ƙarfin ne ta hanyar duka, dubbai a minti, kuma duk dukan yana sauka a kan haƙoran giya da ƙananan fil da ba a yi su don haka ba. Hannunka zai tsira, tirelar ce za ta biya.

Babban injin huji mai waya, irin mai juyi a hankali da ake dama siminti da shi: yana da ƙarfi, ba ya gajiya, yakan fi na batir araha. Matsalarsa sai inda akwai wutar da za a jona, kuma idan ya fizge ya fi na batir mugunta.

Wincin lantarki na dindindin

Wannan shi ne a cire wincin hannu a sa mai ƙaramin inji da ke shan wuta daga batirin tirela mai volt 12. Wasu tirelolin da shi suke fitowa daga masana'anta, kuma Powerwinch na cikin sunayen da za ka fi gani a jikinsu. Ka danna makunni sama, rufi ya tashi a hankali da gudu iri ɗaya. Abin da ya bambanta shi da injin huji ba ƙarfi ba ne, makunnan iyaka ne: biyu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, da ke yanke wuta idan an kai inda aka saita. Wato an ba shi wani abu a madadin jin da hannu ke yi, aƙalla a ƙarshen tafiya. A tsakiyar tafiya kuwa shi ma kurma ne. Idan ka manta sakata, zai ja ta kamar yadda injin huji zai ja, sai dai wuyan hannunka ba ya ciki.

Shi ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin ɗaurawa, ga waya mai kauri da abin yanke wuta, ga batir mai jure dogon amfani idan ba ka da shi. Yana zama daidai a tsarin winci kamar na Goshen. A tsarin sandan zare kuwa sai da wani inji na daban da aka yi dominsa, samunsa kuma ba kullum ba.

Ƙarkonsa ya dogara da yadda ka tsare shi daga ruwa da laka, tunda a waje yake zaune yana shan duk abin da hanya ta watso. Makunnan iyaka sukan goce da tafiyar lokaci, sai rufi ya riƙa tsayawa ƙasa da inda ya kamata, ko ya wuce, wanda ya fi muni. Don haka ko da shi idonka na kan koriyar igiya. Yana da ƙara, wanda ya iso masauki da tsakar dare zai tashi maƙwabta. Babban abin tsoronsa shi ne mutuwar batir a ranar komawa gida, rufi a sama. Akwai wurin juya shi da hannu, amma a hankali yake tafiya ƙwarai, kuma ya kamata ka nemo wurin ka gwada a gida tun kafin ranar. Abin dariya, mutane da yawa da injin huji suke juya wannan wurin idan ta ɓaci.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Mariƙin hannu | Injin huji mai batir | Wincin lantarki |
|---|---|---|---|
| Ƙarfi | Gwargwadon naka | Ya isa idan babba ne | Ya isa idan batir na da caji |
| Ikon tsayawa | Mafi kyau | Mafi rauni | Mai kyau a sama da ƙasa, ba a tsakiya ba |
| Kuɗi | Babu | Kaɗan idan kana da inji, matsakaici idan babu | Mafi tsada |
| Illa ga tirela | Kaɗan | Mai yawa idan an yi gudu | Matsakaiciya |
| Inda babu wuta | Ba ruwansa | Caji ɗaya ya isa tafiya | Ya dogara da batirin tirela |
| Haɗari ga jiki | Ciwon kafaɗa da baya | Fizgar wuyan hannu | Kaɗan |
| Ɗaurawa | Babu | Soket kawai | Aikin mai gyara ko ƙwararre |

Wa ya dace da wanne

Idan sau uku ko huɗu kake fita a shekara, rufinka ba ya ɗauke da komai, jikinka lafiya, ka bar kuɗinka a aljihu. Ka sayi giris. Minti biyu na murɗawa ba su kai a sa wifiltiri cikin haɗari ba, balle a tsohuwar Coleman da kayanta ke wuyar samu.

Idan kana yawan sauya masauki, yau nan gobe can, kana da babban inji mai mariƙin gefe, kuma ka san kanka mutum ne da zai iya riƙe rabin kunama ya tsaya a kan alama, injin huji naka ne. Ka yi amfani da shi a tsakiyar tafiya kawai, farko da ƙarshe da saukewa na mariƙi ne. Idan kuwa wanda ke gidanka ƙarami ne na ɗaura labule, kada ka gwada shi a rufi mai na'urar sanyi. Ka bar shi wa jak-jak ɗin kusurwa, can zai yi maka amfani.

Idan dalilinka ciwo ne, na kafaɗa ko wuyan hannu ko baya, ko shekaru sun ja, to injin huji ba shi ne maganinka ba, ko da yake shi aka fi ba irinka shawara. Hannun da ba ya iya murɗa mariƙi ba zai iya riƙe inji lokacin da ya fizge ba. Wincin lantarki ne ya dace da kai, tare da batir mai kyau da sanin inda ake juya shi da hannu. Haka ma idan mutane daban-daban ne ke kafa tirelar, wani ya saba wani bai saba ba: makunni mai iyaka ya fi aminci a hannun baƙo.

Idan tirelar sabuwa ce tana cikin garanti, ka tambayi wanda ya sayar maka a rubuce kafin ka soka mata wani inji. Idan kuma ta hannu ka saya ba ka san tarihinta ba, ka yi kaka ɗaya cur da mariƙi, kana sauraron inda take ƙara da inda take cijewa, ka duba igiyoyin ko akwai zaren da ya fara tsinkewa, ka auna tsayin kusurwoyi huɗu idan rufi ya tashi ka ga ko sun yi daidai. Bayan nan sai a yi maganar inji.